Tafin Hannu a Fitilar Dama

Ranar wani suna a Gaithersburg, a nan ƙasar Turawa da muke ci-rani, ina zaune ina cin waina, na ji samarinmu a bayana suna rabon gadon sana'ata tun ban mutu ba. Ɗaya ya ce goge fitilar mota ai ba aiki ba ne, makilin da tsumma sun wadatar, ya gani a waya. Ɗayan ya ce zai sayi ɗan kwalin kayan da ake sayarwa a kanti ya riƙa yi wa mutane ranar Asabar, kafin ya samu aikin gaske. Aikin gaske! Na waiwaya na dube su, suka rusuna suka ce, "Sannu Kawu," ba su ma san tuwona suke rabawa ba. To, wannan rubutun naku ne, ku da ire-irenku. Ba zan hana ku ba, kasuwa ta kowa ce. Amma kafin ku matse makilin iyayenku a kan motocin mutane, ku saurari labarin wata fitila da na yi shekaru ina roƙon mai ita ta bar ni in goge tana ƙi, alhali ranta ne a kan hanya.

Da farko dai, abin nan da kuke kira gilashin fitila ba gilashi ba ne, roba ce mai ƙarfi. Tun daga masana'anta an shafe ta da wani siririn rufi da ke kare ta daga rana. Shekaru na tafiya rana na cin rufin nan, gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara shi ma yana cin rabonsa, har fitila ta yi yana ta koma ruwan ɗorawa. Ƙwan da ke ciki lafiyarsa lau, yana iya ƙoƙarinsa, amma hasken ba ya tafiya gaba, watsewa yake yi. Mai mota ba ya lura, don a hankali abin yake zuwa. Sai dai ka ji yana cewa duhun bana ya fi na bara. Makilin zai ɗauke dauɗar sama, fitila ta yi ƙyalli a ranar, a ɗauki hoto a tura wa dangi. Ba za a daɗe ba ta dawo ta fi da muni, don an bar robar tsirara a rana.

Motar da na fara taɓawa a ƙasar nan wata tsohuwar fara ce, a filin sayar da motocin hannu kusa da Largo. Na zo da taƙamata, don a gida mai fentin mota ne ni, a Panteka ta Kaduna na koya, har yara na yaye. Maigidana a filin wani dattijo ne ɗan ƙasar El Salvador, turancinsa bai fi nawa ba, saboda haka rabin hirarmu da hannu muke yi. Ya miƙo mini shuɗin salatif ya nuna gefen fitila. Na liƙa. Ya zo ya sunkuya ya duba, ya ɓare duka, ya sake miƙo mini. Haka na yi wata da watanni ba abin da nake yi sai liƙa salatif, ni da ake kira Oga. Sai da na fara riƙe samfefa na gane dalilinsa. Samfefa ba ta san inda fitila ta ƙare fenti ya fara ba, in ka bar mata ƙofa ko ta kai tsinin allura za ta shiga. Ka zo gyara fitila ka tafi ka bar zane a jikin mota, garin neman gira an rasa ido.

Aikin kansa kuwa haƙuri ne da ruwa. Kana fesa ruwa da hannun hagu kana gurzawa da dama. Ana farawa da samfefa mai kaushi, a riƙa sauka zuwa mai laushi, kuma duk wadda ka canza sai ka canza hannu: in waccan ka ja ta a kwance, wannan a tsaye za ka ja, don ka ga ko ta share zanen 'yar'uwarta. Ka sa ido a kan ruwan da ke gangarowa. Muddin ruwan ɗorawa yake fita, tsohon rufi bai gama mutuwa ba. In ya koma fari kamar an zuba nono, ka iso robar. A daidai nan ne mai mota yake fara salati, don fitilarsa ta koma fari fat, ko ƙwan ba a hange. Ni na daina yi musu bayani, kujera nake ba su. Daga nan sai injin gogewa da mansa, shi kuma in ka tsaya wuri ɗaya yana ɗaukar zafi ya narka robar, wannan kuwa ba ta da magani sai sabuwa. A goge da sifirit. Sannan babban baƙo ya shigo, wato wani ruwa garai-garai da muke fesawa a kai a madadin rufin masana'anta, mu kiliya muke ce masa. Shi ne sana'ar, sauran duk share fage ne. Kuma dokarsa ɗaya ce: daga an fesa har ya bushe, kada ƙura, kada ruwa, kada yatsa.

Masu mota kuwa na ga iri-iri. Akwai wani ɗan'uwanmu mai tasi da aka ce masa maganin sauro na fesawa yana wanke fitila. Ya wanke kuwa, har da robar, ta zo mini tana danƙo kamar alewa. Akwai masu tura motoci gida ta tashar jirgin ruwa, su ba ruwansu da kiliya, cewa suke in yi musu wanda zai kai har a sauke mota a sayar, abin da ya biyo baya tsakanin mai saye ne da Ubangijinsa. Akwai masu kirana ana gobe Sallah ko Kirsimeti, duk shekara ba su tuna da fitila ba sai da za a jera motoci a gaban jama'a. Mutanenmu za su iya tafiya cikin duhu shekara guda, amma ba za su iya fakin da jan ido a gidan biki ba. Ban yi fushi ba, kunyarsu ce ta ciyar da iyalina.

Aikin da nake son ba ku labari wata Asabar ce da rani, a Fort Washington. Mai motar Sista Rifkatu, nas ce a wani asibiti a Largo, 'yar Filato, Hausarta ta fi ta wasunku nesa ba kusa ba. Ta haihu haihuwar fari, hutunta ya kusa ƙarewa, za ta koma aikin dare, sai ta sayi wata mota ta hannu mai kyau amma idanunta sun mutu. Mahaifiyarta ta zo daga wani ƙauye a bayan Pankshin don yi mata jego. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, da zani da rigar sanyi duk da zafin da ake yi. Ta jawo kujera bakin gareji ta zauna kallona, muna ta hira. Ta tambayi mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya kamar ta san su, ta ba ni labarin gonarta ta dankalin turawa da ta bar wa wani ƙanen miji da ba ta yarda da shi ba. Da fitila ta koma fari ba ta yi salati irin na sauran ba, cewa ta yi, "Malam, ka san abin da kake yi dai ko?" Na ce na sani, Mama. Ta ce to.

Ranar hannuna ya yi daɗi. Babu iska, babu ƙura, kiliya ya kwanta sumul a fitilar hagu, na zagaya na fesa ta dama, ita ma ta kwanta. Na ja da baya ina duba aikina. Jaririya ta yi kuka a ciki, Sista ta ruga. Sai Mama ta dafa gwiwa ta miƙe.

"Malam, ka gama?"

"Na gama, Mama, sai dai a bar..."

Ban kai ƙarshe ba. Ai kun san al'adarmu, Musulmi da Kirista: sabuwar mota ba a barin ta haka, sai babba ya dafa ya sa albarka. Wani bonet yake dafawa, wani sitiyari. Mama ita gajera ce, kuma wurin da ya fi ko'ina ƙyalli a jikin motar shi ta nufa. Ina gani ta buɗe tafin hannunta na dama, ta ɗora shi gaba ɗaya a tsakiyar fitilar dama, ta rufe ido ta kira sunan Ubangiji.

Da maigidana ɗan El Salvador ne a wurin, da tun hannun yana sama ya kurma ihu, kuma da ya yi daidai. Amma ku gaya mini, da wane bakin zan daka wa sa'ar uwata tsawa, idonta a rufe, tana magana da Allah? Na buɗe baki, ga gwangwanin kiliya a hannuna, abin da ya fito shi ne, "Amin." Kun kuma san addu'ar matan zumunta, ba a yi mata gaggawa. Tana yi tana ɗan danna hannun duk inda maganar ta yi nauyi, ni kuma ina amsa amin ina kallon aikina yana mutuwa. Da ta ɗaga hannu sai da ya yi 'yar ƙara. Ta dubi tafinta ta ce, "Wannan abin naku yana da danƙo fa." Na zuba mata sifirit a tsumma ta goge.

Ga hannu nan raɗau, yatsu biyar, har zanen tafi ana gani. Sista ta fito ta gani, ta yi dariya har da riƙe ciki. Na ce mata a bar shi ya bushe, mako mai zuwa in dawo in kankare in sake, ba sai ta biya ba. Ta ce to. Mako ya zo tana aiki, wani ya zo yarinya ba lafiya, wani ya zo ana kai Mama filin jirgi. Ita ba ta ga abin gaggawa ba, don a lokacin fitilar tana haska hanya daidai gwargwado. Ni ne abin ya dama, saboda motar nan ba ta barin suna ko biki, kuma duk wanda ya tambayi wa ya yi mata fitila sai a ce Malam Habibu. Na goge motoci ba adadi a yankin nan babu wanda ya tsaya kallo, amma wannan har sunkuyawa ake yi a duba.

Sai shekarar korona ta zo. Filayen motoci suka yi tsit, mutane suka zauna a gida, motoci na jere a rana suna ta yin yana ina kallo, ba mai kira. Abinci yana nuna a gabana amma ba na da cokali. Na ajiye injin gogewa na koma kai wa mutane abinci ƙofar gida, ni da hular sanyi da takunkumi, ina hawan benen da gwiwata ba ta yarda ba. Wasu da muka fara tare a shekarar suka sayar da kayan aikinsu, ba su dawo ba har yau. Abin da ya riƙe ni ma'aikatan asibiti ne, don su kaɗai ke kan titi, kuma da duhu suke fita da duhu suke dawowa. A cikin zaman banzan nan ne na tuna da Sista Rifkatu, na kira ta na ce yanzu ina da lokaci har ya yi mini yawa, ta kawo fitilar nan.

Ta ce, "Malam, Mama ta rasu."

Ba jirgi, ba hanyar zuwa. A waya ta kalli jana'izar, tana zaune a cikin motar a filin ajiye motocin asibiti, da aka gama ta share fuska ta koma ɗakin marasa lafiya. Na yi mata ta'aziyya, kuma wallahi na ji mutuwar tsohuwar nan, don yini ɗaya muka yi da ita amma ta shiga raina. Kafin mu ajiye waya ta ce, "Ka bar fitilar nan yadda take." Na ce na bari.

Ni na bari, rana ba ta bari ba. Inda hannu ya danna, kiliya ya tashi tudu-tudu a gefe ya yi siriri a tsakiya. Wurin da ya yi siriri rana ta fara ci, tudun kuma ya riƙa tara gishiri da dauɗa. Shekara na zagayowa hannun yana ƙara fitowa, fitilar tana ƙara mutuwa. Ta hagu na sake yi mata ta dawo tangaram, ta dama kuwa ko tsumma ba ta bari in kai. Kuma ku da kuka koya a waya, ku sani fitilar dama ita ce mai haska gefen titi, inda mai tafiya a ƙasa yake, inda barewa take tsayawa kafin ta yanke shawarar tsallakawa. Hanyar Fort Washington kuwa ga daji ga gudu, mai bin ta ya san abin da nake faɗa. Wannan mata kullum a kanta take, ta kwana tana tsaye a kan marasa lafiya, ta kamo hanyar gida da ido ɗaya a mota da rabin ido a kanta.

Duk inda muka haɗu sai na yi maganar. Mijinta ya yi har ya gaji, ya koma turo ni. Wata rana a wurin wani biki na tare ta a bakin mota na ce, "Sista, ke da kike aikin asibiti, kin fi ni sanin abin da ake kawowa daga titin nan."

Ta ce, "Na sani, Malam. Amma Mama a gaban motata ta sa hannu. Duk inda za ni, hannunta yana riga ni isa. Ban sa mata ƙasa ba, ban ga fuskarta ba. Wannan kaɗai ya rage mini da ta taɓa, kai kuma ka ce a sa samfefa?"

"To kada a kankare. In samo miki wata fitilar in ɗaura, wannan ki ajiye ta a falo."

"A falo me zai tsare? Talabijin?"

A Panteka ba a koya mini wannan ba, ɗan El Salvador ma bai nuna mini da hannu ba. Sana'ata gaba ɗaya cire tabo ce, ga ni tsaye a gaban tabon da ya fi motar daraja a wurin mai ita.

Da kaka ta shigo, lokacin da bareyi ke haukan yawo, sai ga ta a ƙofar gidana da safe, da kayan aiki a jikinta, ko gida ba ta je ba. Madubin dama yana lilo a jikin waya, ƙofar baya ta lotsa daidai inda kujerar yarinya take. Allah ya sa yarinyar tana gida. Ta ce ba ta ga komai ba, ƙara kawai ta ji, sai ta hangi barewa tana tsalle tana shiga daji. Ta zo ne in nuna mata mai gyaran ƙofa na kirki. Sai ta nuna mini fitilar dama, ko ƙwarzane babu, ta ce, "Ka gani ko, Malam? Ko kusa da hannun Mama ba ta zo ba. Shi ya tsare ni."

Na dubi hannun da ya ɓoye mata barewa yana karɓar godiya. Raina ya ɓaci, kuma tsoro ya kama ni, don na ga in aka ci gaba a haka wata rana ba ita za ta zo ba ni labari ba. Na jawo mata kujera ta zauna.

Na ce, "Sista, kin san abin da Mama ta roƙa ranar?"

Ta ɗago ta dube ni.

"Ba kya nan, kina ciki wajen yarinya. Ni kaɗai ne a wurin."

Ashe duk shekarun nan bai taɓa zuwa mata ba. Hannun take kallo, ba ta taɓa tambayar abin da bakin ya faɗa ba. Ni kuma ban taɓa tunanin ba ta sani ba. Ta ce a hankali, "Me ta ce?"

Na gaya mata, don ban manta ba. Mutumin da aka tsayar yana kallon aikinsa na lalacewa ba shi da abin yi sai saurare. Ta fara da marasa lafiyan da za ki taɓa, ta ce Ubangiji ya sa sauƙi a hannunki. Ta roƙa wa yarinya ta tashi tana jin yaren gida, kada ta zo ƙauye a riƙa yi mata tafinta. Ta roƙa kada barci ya sace ki a kan sitiyari. Har gonar dankali ta sako a ciki, da ƙanen mijin nan. Sista ta yi dariya hawaye na zuba, ta ce, "Ita ce, wallahi ita ce." Na ce, a ƙarshe ta danna hannun da ƙarfi, shi ne wannan babban tudun da kike gani, ta ce: ni na tsufa, zan koma gida, idona ba ya kaiwa inda 'yar nan tawa take zuwa. Ka buɗe mata hanya, ka sa ta hango abu tun yana nesa.

Na ce, "Ni kuma na ce amin, Sista. Shekarun nan da nake bin ki kina gudu, amin ɗina nake so in cika."

Ta ce ita dai ba za ta iya fita da mota ba hannun a gaba ba. Na ce ba wanda ya ce zai bar gaba.

Washegari na tafi filin matattun motoci na samo fitilar dama irin tata, tsohuwa amma ba tsaga. Na yi mata aiki tun daga salatif har kiliya, a cikin gareji na rufe ƙofa, na bar ta ta bushe yadda ya kamata. Ranar hutun Sista ta kawo mota. Na kwance bamba, na ciro tsohuwar fitila na ɗora a kan benci, na zana layi da alli kewaye da hannun, na bar masa ɗan fili. Robar da rana ta ci tana da saurin tsagewa, in zarto ya yi gardama sau ɗaya tsagar za ta ratsa tafin ta wuce. Ban taɓa yanka abu a hankali irin ranar ba. Ita tana tsaye a kaina ta haɗe hannu a ƙirji, ko numfashinta ba na ji. Da ya fita lafiya na gurje bakinsa don kada ya yanki mutum, na wanke shi da ruwa da sabulu kawai, na fesa masa kiliya a kai yadda zanen zai zauna. Wannan ne karo na farko da na yi wa tabo rufi don ya daɗe.

A bayan ragar gaban mota akwai wani ƙarfe da ke kwance, daga gefe inda ba zai tare wa inji iska ba. Nan na huda na ɗaure shi da noti biyu, tafin yana kallon titi. Na mayar da bamba, na ɗaura sabuwar fitila, muka jira magariba na saita hasken a jikin ƙofar gareji. Daga waje ba ka ganin komai sai mota mai ido biyu. In ka tsuguna ka leƙa ta ragar, za ka ga yatsu biyar. Ta tsuguna ta leƙa, ta daɗe a tsugune, sannan ta miƙe ta karkaɗe gwiwa ta shiga mota. Ba ta ce ya yi ba, ba ta ce bai yi ba, ni ma ban tambaya ba.

A wannan sana'ar, in waya ta yi ƙara da sassafe kuma sunan wanda ka yi wa aiki ne, to ƙorafi ne: ko fitila ta yi raɓa a ciki, ko ɗaya ta fi ɗaya, ko maƙwabci ya ce an cuce shi. Ba a jima ba wata safiya ina shan shayi na ga sunan Sista Rifkatu. Na ajiye kofi na shirya haƙurin da zan bayar.

"Malam, ina kwana."

"Lafiya lau, Sista. Yaya aiki? Yaya motar?"

"Yanzu na shigo gida. A wurin nan dai na ranar, bayan gada, na sake haɗuwa da bareyin nan."

Na ce, "Subhanallahi. Ke lafiya?"

"Lafiya lau. Tun daga nesa na hango idanunsu a gefen titi. Na taka birki a hankali na tsaya, suka tsallaka ɗaya bayan ɗaya, ba su ko yi sauri ba. Da suka wuce na kasa tafiya, sai da na baya ya yi ta danna mini hon."

Na jira sauran, don ban saba a kira ni a tsaya a nan ba.

Ta ce, "Shi ke nan, Malam. Na ce bari in gaya maka, tunda kai ne ka ce amin."